Tsaron manhaja: wace ƙofa matashi zai bi, kuma ina ƙaramin kamfani zai zuba kuɗinsa?

A majalisun shayi na Nima da Mamobi, haka ma Aboabo da Asawase, in yaro ya ce yana koyon tsaron intanet, abin da ke fara faɗo wa dattawa a rai shi ne sakawa, wato damfarar intanet. Shi kuwa yaron, hoton da ke kansa na gwanin kutse ne wanda ke fasa banki cikin dare. Duka biyun sun yi nesa da aikin da ake biyan albashi a kansa. Sana'ar ta kasu aƙalla gida huɗu: mai gyara manhaja tun daga ciki, mai gwajin kutse da izini, mai gadin dare da rana a ɗakin sa-ido, da mai kula da dokoki da takardun bincike. Kowane gida da irin mutumin da yake so, da kuɗin shigarsa, da wurin da ake ɗaukar ma'aikatansa a Gana. Kafin a auna su, gara a fara ganin ɓarnar da ake ɗaukar mutum ya hana, domin ita ce ma'aunin.

Inda bangon ke tsagewa

A ɗauka matasa uku ne a Kumasi suka haɗa manhajar susu, wato adashe, don 'yan kasuwar Kejetia. Mai atamfa tana zuba sidi 20 kullum ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ƙarshen wata ta cire abinta. Manhaja irin wannan ba ta da wani abin mamaki, kuma ramukan da ke cikinta kusan iri ɗaya ne da na kowace manhajar kuɗi.

Ramin farko yana kan rasit. Hajiya ta buɗe rasit ɗinta, adireshin shafin ya ƙare da 10452. Ɗanta da ke riƙe mata waya ya mayar da lambar 10453, sai ga sunan wata mata, da lambar wayarta, da abin da ta tara. Manhajar ta tabbatar mutum ya shiga da kalmar sirrinsa, amma ba ta tambayi ko rasit ɗin nasa ne ba. Wannan aibi, wato rashin tantance wa ke da ikon ganin me, shi ne na ɗaya a jerin manyan haɗurra goma da ƙungiyar tsaron manhaja ta OWASP ta fitar a 2021. Kamfanin sadarwa na Optus a Ostiraliya ya ɗanɗana ɗan'uwansa a 2022, inda wata ƙofar API, wato wadda manhajoji ke magana da juna ta cikinta, da ba ta neman shaidar kowa ta zubar da bayanan mutane kusan miliyan 10. Gyaran ba shi da tsada: duk tambayar da za a yi wa rumbun bayanai a haɗa ta da lambar mai asusun, kuma a ɗauko wannan lambar daga shaidar shigarsa da ke kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, kada a yarda da wadda waya ta aiko. Sannan a rubuta gwaji mai asusu biyu, na farko ya nemi rasit ɗin na biyu, in amsar ba 403 (an hana) ko 404 (babu) ba ce gwajin ya faɗi. Wasu na mayar da lambar rasit doguwa mai wuyar cinka su ce sun gama. Wannan ɓoye ƙofa ne kawai, ranar da lambar ta fita ta WhatsApp ƙofar a buɗe take.

Na biyu ya fi ciwo, domin kuɗi ne kai tsaye. Idan abokin ciniki ya biya, kamfanin da ke karɓar kuɗin yana aiko wa sabarka saƙo cewa an biya. Adireshin da ake aiko saƙon a fili yake, kowa na iya aika masa abu. Paystack, alal misali, yana sa hannu a kan kowane saƙo da HMAC SHA512, ya ɗora sa hannun a kan x-paystack-signature. Aikin mai manhaja shi ne ya lissafa nasa da makullinsa na sirri, a kan ainihin jikin saƙon kamar yadda ya iso, ya gwada su. In ya tsallake wannan, wani zai aiko da saƙon bogi cewa ya zuba sidi 5,000, manhaja ta rubuta masa, ya cire kafin la'asar. Ko an duba sa hannun, da sauran aiki. Sai an gwada adadin da aka biya da adadin da ake bin mutum, domin akwai mai biyan sidi 1 a kan lambar cinikin sidi 1,000. A tuna ana ƙirga kuɗin da fesuwa, sidi 20 zai zo a matsayin 2000, kuma nan ma ana tuntuɓe. Sannan saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu ko uku in layi ya yi gardama, don haka a sa wa lambar ciniki sharaɗi a rumbun bayanai cewa ba ta shiga sau biyu.

Na uku shi ne wanda ko ƙwararrun masu rubuta manhaja ke mantawa. Mutum na da sidi 500. Ya aika buƙatar cire 500 sau ashirin a cikin daƙiƙa guda. Kowace buƙata ta duba asusun ta ga 500, domin babu wadda ta riga ta rage, sai guda shida ko bakwai su wuce. Maganinsa kulle layin asusun a lokacin ciniki, da SELECT FOR UPDATE a PostgreSQL ko MySQL, ko kuma a yi ragin da sharaɗin a umarni guda: rage 500 in har abin da ke ciki ya kai 500, sannan a duba layi nawa ya canza. A ƙara wa teburin sharaɗin cewa asusu ba ya sauka ƙasa da sifili. Kuma a ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba ta fesuwa, domin kwamfuta in ta haɗa 0.1 da 0.2 da lambobi masu ɗigo ba ta ba da 0.3 cif.

Sai lambar da ake turo wa mutum ta SMS. Mai lamba huɗu tana da fuska 10,000 kacal. Wanda ke gwada 50 a daƙiƙa zai ƙare su duka cikin daƙiƙa 200, ko shayin farko bai nuna ba. Mai lamba shida fuska miliyan ɗaya ce, amma ita ma ba ta tsira sai an sa iyaka: gwaji biyar a rufe, minti biyar ta mutu, in an yi amfani da ita sau ɗaya ta ƙone. A sa iyaka a kan turawar ma, in ba haka ba wani zai kwana yana danna "sake turowa" ya cinye kuɗin SMS na wata guda. Akwai kuma kuskuren da ke ba da dariya da takaici tare, inda sabar ke mayar wa waya da lambar a cikin amsarta don wayar ta gwada da kanta. Mai Burp Suite, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa tsakanin waya da sabar, yana karanta ta kamar allo.

Sauran biyun sanannu ne. Makullin sirri da aka manta a cikin GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ko a cikin fayil ɗin APK na manhajar Android, wanda manhajar jadx ke warwarewa cikin 'yan mintuna. Ta makullan da aka samu a GitHub aka kwashe bayanan mutum miliyan 57 na Uber a 2016. Goge makullin daga fayil ba ya wadatarwa, yana nan a tarihin ajiyar, sai an kashe shi an ciro sabo. Sai kuma tsofaffin kayan aro: Equifax a Amurka ta yi asarar bayanan mutum kusan miliyan 147 a 2017 ta wani rami a Apache Struts wanda an riga an fitar da facinsa tun watan Maris na shekarar, kuma a Disambar 2021 ramin da aka gano a wani kayan aro mai suna Log4j ya hana duniya barci.

Abin lura a nan: waɗannan biyun na ƙarshe na'ura na kama su. Gitleaks na tono makullai, Dependabot na faɗakarwa kan tsohon kaya, Semgrep na nuna wasu kurakuran rubutu, duk ba tare da an biya ko fesuwa ba. Amma rasit ɗin Hajiya, da biyan sidi 1, da cirewa sau ashirin, ba kasafai na'ura ke gane su ba, domin ba ta san ƙa'idar kasuwancinka ba. Sai mutumin da ya san ta inda kuɗin ke shiga da ta inda yake fita.

Mai gyara daga ciki

Wannan shi ne wanda tallan aiki ke kira AppSec. Yininsa karanta rubutun abokan aiki ne kafin a haɗa shi da sauran, da zama da su a gaban allo kafin a fara gina sabon abu ana tambayar me zai faru in wani ya yi ƙarya a nan, me zai faru in ya aiko sau biyu. Wasu na bin tsarin STRIDE da ya fito daga Microsoft, wasu na ɗauko jerin sharuɗɗan ASVS na OWASP su bi layi-layi. Shi ke yanke cewa za a adana kalmar sirri da Argon2id ko bcrypt, kuma shi ya kamata ya san bcrypt ba ya karanta abin da ya wuce bayit 72.

Sharaɗin shiga ɗaya ne kuma ba ya lanƙwasuwa: sai ka iya rubuta manhaja. Wanda bai taɓa gina abin da mutane ke amfani da shi ba, ba zai iya gaya wa mai ginin inda ya kauce ba, in ma ya faɗa ba za a saurare shi ba. Shekara ɗaya zuwa biyu kana rubuta ɓangaren sabar da Python ko JavaScript ko Java ko PHP, wannan ne tushen. A kansa sai ka ɗora darussan Web Security Academy na PortSwigger, waɗanda kyauta ne kuma kowane darasi da ɗakin gwajinsa. Kuɗin shiga wannan hanya bai wuce na data da kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabayit 8 ba, 16 in da hali.

Aibinta shi ne ƙananan kamfanonin Akra da Kumasi ba su cika tallata kujera da wannan suna ba. Mai rubuta manhaja suke nema. Hanyar ita ce ka shiga a haka, ka zama wanda ake kawo wa duk abin da ya shafi shiga asusu da biyan kuɗi, sunan ya biyo baya. Alfanunta kuma, in kasuwar tsaro ta yi sanyi ba ka rasa abin yi ba, har yanzu kai magini ne. Kuma a cikin huɗun ita ce ta fi sauƙin yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinka a Madina ta Akra, domin abin da ake dubawa rubutu ne, ba sai an shiga ginin kowa ba.

Mai gwajin kutse

Nan zuciyar yawancin matasa take, kuma nan aka fi yin asarar kuɗi. Aikin shi ne kamfani ya ɗauke ka na mako ɗaya ko biyu, ya ba ka iyakar abin da za ka taɓa, ka nemo ramuka, ka rubuta rahoto. Rahoton nan shi ne hajar da ake saya. Wanda ya iya fasa abu amma bai iya bayyana matakan da Turanci mai tsabta ba, da hoton kowane mataki da shawarar gyara, rabin ma'aikaci ne. Kaso mai tsoka na lokacin aikin a kan rubutu yake tafiya, abin da bidiyoyin YouTube ba sa nunawa.

Takardar da ta fi nauyi a wannan gida ita ce OSCP ta kamfanin OffSec. Jarrabawar kusan awa 24 ce kana fama da injuna ana kallonka ta kyamara, sai wasu awa 24 na rubuta rahoto, kuma ana neman maki 70 cikin 100. Kuɗin darasi da jarrabawa ya haura dala 1,500. Da dala ake biya, kai kuma da sidi kake samu, ga dumso da zai iya ɗauke wuta a tsakiyar dare. Duk mai shirin zama sai ya tanadi layin intanet biyu na kamfanoni daban-daban da abin riƙe wuta, ko ya nemi wurin da ke da janareta. Shawararmu kada kowa ya sa wannan kuɗi daga aljihun iyayensa a shekarar farko. A fara da shafin atisaye na TryHackMe, a wuce na Hack The Box, a ga ko mutum na iya zama awa shida a kan inji ɗaya ba tare da ya leƙa amsa ba. In sha'awar a kan manhajojin yanar gizo take, jarrabawar Burp Suite Certified Practitioner ta awa huɗu ce kuma kuɗinta bai kama ƙafar na OSCP ba, sai dai tana buƙatar Burp ɗin da ake biya. Takardar CEH kuwa sunanta na yawan fitowa a tallan aiki, tana iya taimaka wa takardarka ta wuce teburin farko, amma ainihin jarrabawarta ta zaɓi-ka-cika ce, kuma masu sana'ar sun san haka.

Akwai maganar doka, kuma a nan ba wasa. Dokar Tsaron Intanet ta 2020, Act 1038, ita ta kafa Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, CSA, kuma tun 2023 hukumar ke ba kamfanonin da ke sayar da irin wannan aiki lasisi, tana tantance ƙwararru ɗaiɗaiku. Gwajin kutse na cikin ayyukan da abin ya shafa. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne tun a dokar mu'amalar lantarki ta 2008, Act 772. "Taimaka musu na so yi" ba ta fid da kowa a gaban alƙali. Yaron zango kuwa ya san da wane ido ake kallonsa tun kafin ya buɗe baki, don haka shi ya fi kowa buƙatar takardar izini mai sa hannu, da ta faɗi adireshin da za a gwada, da ranar farawa da ta gamawa. Mai son gwada hannunsa a kan kamfanoni na gaske ya je HackerOne ko Bugcrowd, inda kamfanonin da kansu suka rubuta abin da suka yarda a taɓa. Sai dai kada a ɗauke shi albashi. Ana iya yin wata uku ana kai rahoto ana cewa wani ya riga ka.

Ɗakin sa-ido

Shi ne ake kira SOC a tallan aiki. Allo ne da faɗakarwa ke ta sauka a kai: an gwada kalmar sirri sau 300 a asusu ɗaya, wata kwamfutar reshe na magana da wani adireshi a ƙasar waje da ƙarfe uku na dare. Ma'aikacin matakin farko yana tace su, ya rufe na banza, ya miƙa na gaske sama. Ba a buƙatar iya gina manhaja, amma sai an san yadda hanyar sadarwa ke aiki, TCP da DNS da HTTP, da karanta bayanan da Windows da Linux ke ajiyewa. A Windows lamba 4625 na nufin an gwada shiga an kasa, 4624 an shiga. Wanda ya ga 4625 ɗari biyu sannan 4624 guda ɗaya ta biyo, ya san abin da ya faru.

A Gana wannan ce ƙofar da ta fi faɗi ga sabon shiga, saboda bankuna da kamfanonin waya. Tun umarnin tsaron intanet da bayanai da Babban Bankin Gana ya fitar a Oktoban 2018, dole bankuna su riƙe jami'in tsaron bayanai su kuma sa ido a kan na'urorinsu, kuma babban bankin kansa na da cibiyar sa-ido ta harkar kuɗi, FICSOC. Takardar Security+ ta CompTIA ta ishi mutum buga ƙofa: tambayoyi ba su wuce 90 ba cikin minti 90, ana cin ta da 750 cikin 900, kuɗinta a kewayen dala 400, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Wanda ya girka manhajar sa-ido ta Wazuh a kwamfutarsa, ya kai wa wani injin gwaji hari ya nuna yadda faɗakarwar ta fito, ya fi mai takarda zalla abin faɗa a ganawar ɗaukar aiki.

Abin da ake asara a nan barci ne. Aikin karɓa-karɓa ne, har dare, har ranar Sallah in layinka ya faɗo, kuma mafi yawan kujerun a Akra suke, don haka ɗan Kumasi ya sa hayar ɗaki da kuɗin tirotiro a lissafi. Wanda ya yi shekara uku a matakin farko bai koyi binciken abin da ya faru bayan kutse ko rubuta ƙa'idojin kamawa ba, ya tsaya wuri ɗaya. Kuma ƙaramin kamfani mai mutum goma ba ya buɗe irin wannan ɗaki, don haka mai son rayuwar sababbin kamfanoni ba nan zai same ta ba.

Dokoki da bincike

GRC ake ce wa wannan gida a tallan aiki, kuma samari na raina shi don babu baƙin allo. Kuskure ne. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta wajabta wa duk mai tara bayanan mutane rajista da Hukumar Kare Bayanai, a sabunta duk shekara biyu, kuma in bayanai suka fita a sanar da hukumar da masu bayanan. Kamfanin da ke son taɓa kuɗin jama'a yana ƙarƙashin dokar tsarin biyan kuɗi, Act 987 ta 2019, kuma manyan rukunonin lasisin Babban Banki na tafiya da ƙa'idar tsaron bayanai ta ISO 27001, da ta PCI DSS ga masu hulɗa da katin banki. ISO 27001 ta 2022 na da matakan kariya 93, kowanne sai an faɗi ko ya shafi kamfanin, in ya shafe shi a kawo shaida. Wani ne zai yi wannan aiki. Ƙanwarmu da ta karanta akanta ko shari'a a Legon ko KNUST, mai haƙurin bin takarda da iya tsare manaja da tambaya cikin ladabi, ta fi injiniyoyi da yawa dacewa da nan. Takardun CISA ta ISACA da CISSP ta ISC2 duk suna neman gogewar shekara biyar kafin a ba da cikakkiyar takardar, don haka ba da su ake farawa ba. Haɗarin gidan shi ne mutum ya zama mai cike fom, ya sa hannu cewa ana ajiye kwafin bayanai alhali ba a taɓa gwada dawo da shi ba.

In za a taƙaita zaɓin ga mutum ɗaya: ka iya rubuta manhaja, bi ta farko, ka koyi dabarun ta biyu a matsayin kayan aiki. Ba ka iya ba kuma kana buƙatar albashi da wuri, ɗakin sa-ido. Ƙarfinka a rubutu da tsari yake, ta huɗu. Gwajin kutse zalla ya fi kyau a shige shi daga ɗaya daga cikin sauran, bayan an san yadda ake gina abin da za a fasa. Mai shirin bautar ƙasa kuma ya yi ƙoƙari shekarar nan ta faɗa sashen kwamfuta na banki ko kamfanin waya ko wani kamfanin manhaja, ko da aikin farko saita wa mutane firinta ne. Daga ciki ake jin kujerar da za ta buɗe.

Ga mai kamfanin

Shi kuma zaɓinsa uku ne: ya ɗauki ma'aikacin tsaro na dindindin, ya kira masu gwaji daga waje, ko ya ware ɗaya daga cikin masu rubuta manhajarsa ya ba shi lokaci.

Kamfanin da bai kai injiniya goma ba, ɗaukar mutum na dindindin ya yi masa wuri. Ƙwararren ya fi ƙarfin aljihunsa, sabon shiga kuma shi kaɗai ba mai duba aikinsa, ƙarshenta ya zama mai tura rahoton na'ura da ba wanda ke karantawa. Kiran masu gwaji tun ba a share gida ba shi ma ɓarnar kuɗi ne: za ka biya dubban sidi a gaya maka abin da Dependabot zai faɗa kyauta, kuma hoton rana ɗaya ne, mako biyu bayan nan kun sake fitar da sabon abu.

Na ukun ya fi riba a farko, in an yi shi da gaske. A zaɓi mutum ɗaya, a ba shi yini guda cikakke kowane mako, a rubuce, ba "in ka samu sarari" ba. Watan farko na share fage ne: tabbaci mai hawa biyu a kan imel da GitHub da asusun girgije na kowa, ta manhajar lambobi ko makullin hannu maimakon SMS, saboda masu sauya layin waya. A daina raba kalmar sirri ɗaya a zauren WhatsApp. A rufe rumbun bayanai daga intanet, tashar 5432 ko 3306 ko 27017 ba ta da dalilin kallon waje. A kunna Gitleaks da Dependabot. A ɗauki kwafin bayanai kullum, a ajiye a wani asusu daban, kuma sau ɗaya a wata a dawo da shi a kan inji na gwaji a ga ko yana tashi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar ake rufe duk ƙofofinsa, ko da ɗan ɗakinku ne kuma tare kuke sallar Juma'a. Wata na biyu a bi hanyar kuɗi taki-taki da tambayoyin da aka jera a sama. Shafin ma'aikata, inda ake iya gyara asusun kowa, shi ya fi cancantar tsaro mai tsanani: kowa da asusunsa, duk gyaran kuɗi a rubuta wa ya yi da yaushe a wurin da shi kansa ba zai iya gogewa ba, kuma abin da ya haura wani adadi sai mutum biyu sun amince. Ɓarawon gida ba ya buƙatar Burp Suite.

Bayan wannan ne kuɗin masu gwaji ke yin amfani, musamman gab da neman lasisi ko haɗa aiki da banki, inda za a nemi rahoton wani na waje. A nemi ganin lasisinsu na CSA. A nemi samfurin rahoton da suka taɓa yi, an goge sunan mai shi. In duk shafukan jerin sakamakon manhajar binciken ramuka ta Nessus ne da aka sauya wa bango, a nemi wasu. A ba su asusun gwaji aƙalla biyu a kowane matsayi, na ɗan kasuwa, na mai karɓar susu, na ma'aikacin ofis, domin ba tare da su ba ba za su iya gwada ko wani na ganin kayan wani ba. A yi gwajin a kan kwafin manhajar mai bayanan bogi, ba a kan kuɗin mutanen Kejetia ba. Kuma a sa a yarjejeniya tun farko cewa bayan an gyara za su dawo su sake gwada abin da suka samu ba tare da sabon caji ba, cikin kwana 30 ko 60, tare da sunan wanda za su kira a waya nan take in suka ci karo da ramin da ba zai jira rahoto ba.